Kowa da Maganin da Ya Karɓe Shi

Akwai wata magana da ake yawan ji a zaure da bakin kemis: "Ni ma shi na sha na warke, ungo ka sha." Magana ce ta tausayi, sai dai tana tafe da zaton cewa jikin kowa iri ɗaya yake karɓar magani. Hausawa kuwa tuni suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yau za mu ji yadda abin da mutum ya gada daga iyayensa ke sa ƙwaya ɗaya ta tashi wani daga kwance, ta kuma kwantar da wani.

A lokacin yaƙin Koriya, farkon shekarun 1950, an riƙa bai wa sojojin Amurka maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna firimakwin. Yawancinsu sun sha lafiya lau, amma wasu, musamman baƙar fata, bayan kwana biyu zuwa uku sai idonsu ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jiki ya mutu. A 1956 masu bincike a Jami'ar Chicago suka gano dalili. Cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, wanda ke yi musu garkuwa. Wanda aka haifa da ƙarancinsa, in ya sha irin wannan magani, sai ƙwayoyin jininsa su riƙa fashewa. Ana ƙiyasta kimanin mutum miliyan 400 ke ɗauke da wannan gado a duniya, ya fi bayyana ga maza, kuma ɗa namiji daga wajen uwa yake ɗaukarsa. Ya yawaita a Afirka ta Yamma saboda, kamar gadon sikila, yana ɗan kare mai shi daga mugun zazzaɓi.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu. A 2008 an janye maganin zazzaɓi mai suna Lapdap daga kasuwa, bayan an ga yana ƙarar da jinin masu wannan gado, alhali domin Afirka aka haɗa shi. Haka ƙwallon kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jego: jaririn da ke da wannan ƙarancin zai iya kamuwa da shawara mai tsanani in aka sa masa tufafin da suka sha warinsa. Lallen ƙunshi ma, in aka shafe jikin irin wannan jariri da shi, yakan jawo haka. 'Yan'uwanmu na Sudan, inda ake karyawa da waken ful, su ma su sani akwai yaran da wannan wake ke fasa wa jini.

Hanta ma tana da nata gadon. Kodin, wanda Nijeriya ta haramta maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, ba ya kashe ciwo sai hanta ta juya shi ya zama mofin. Wasu hantarsu da ƙyar take juya shi, sai su sha su ce maganin jabu ne. Wasu kuma tasu tana yi da gaggawa fiye da kima, sai ƙa'idar da likita ya rubuta ta zame musu ninki, har numfashi ya nemi tsayawa. A Habasha bincike ya nuna kusan mutum 3 cikin 10 masu irin wannan hanta ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin a 2017.

Wani zai ce wannan zance zai tsorata mutane su guje wa asibiti. Ai sanin gadon shi ne ke ba da damar gyara awo maimakon watsar da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba da firimakwin ɗan kaɗan, sau ɗaya, ko ba a yi gwaji ba, a inda ake son katse yaɗuwar zazzaɓi, domin wannan awon bai kai ya yi ɓarna ba. Wani kuma zai ce gwaji sai mai hali. Gaskiya ne karanta dukkan ƙwayoyin halittar mutum yana da tsada, amma gwajin G6PD ɗigon jini ne daga yatsa, kuma al'ummar da ta rungumi gwajin sikila kafin aure ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Akwai kuma mai cewa to a duba launin fata ko ƙabila kawai a huta. Wannan gurguwar dabara ce, domin babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin halitta, kuma wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya kan gaji abin ɗaya ya tsallake.

Saboda haka, in ka taɓa shan magani idonka ya sauya ko fitsarinka ya yi duhu, riƙe sunansa, ajiye kwalinsa, ka faɗa wa likita duk ranar da ka je asibiti. In an taɓa samun jariri mai shawara a ɗakinki, ki sanar da ungozoma tun kina awon ciki. Wanda ya ce magani bai karɓe shi ba, a saurare shi kafin a ce raki ne. Ragowar ƙwayoyin da suka warkar da kai kuwa, kada ka miƙa wa maƙwabci, raka shi asibiti a auna nasa jinin.