Ƙasar da Za Mu Reni Itace a Cikinta

Jama'a, kowa ya san amfanin itace. Shi ke ba mu inuwa da 'ya'ya, shi ke tare iska. Amma itacen da muka shuka ya fi girma da kyau in an rene shi tun yana ƙarami. Renon kuwa daga ƙasa yake farawa.

A ƙasar Japan akwai masu renon itace a cikin kasko shekara da shekaru. Suna kiran wannan sana'a bonsai. Suna kula ƙwarai da ƙasar cikin kaskon. Mu ma da muke shuka mangwaro da zogale da dogonyaro a cikin leda, haka ya kamata mu yi.

Saiwa tana bukatar abu uku: ruwa, da iska, da abinci. Laka ta fadama tana riƙe ruwa da yawa, sai saiwa ta ruɓe. Yashi zalla ba ya riƙe ruwa, sai tsiro ya bushe. Saboda haka sai mu haɗa su.

Ga yadda za mu yi. Mu ɗebo ƙasar gona mai kyau kwano 2, yashi kwano 1, ruɓaɓɓen taki kwano 1. Mutanen Gummi ga yashin Gulbin Zamfara kusa da su. Kada mu sa ɗanyen taki, gama yana ƙona saiwa. Mu tankaɗe su da rariya, mu gauraya, mu yayyafa ruwa kaɗan.

Sa'an nan mu dunƙula a hannu. In ta dunƙule, muka taɓa ta da yatsa ta wargaje, to, ta yi. In ta manne kamar tuwo, mu ƙara yashi. Mu huda gindin ledar don ruwa ya riƙa fita.

To, ga babban gargaɗi. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Dalmar tana cikin dutsen zinariya da aka riƙa niƙawa a cikin gidaje. Ƙurarsa ta shiga ƙasa, yara suka yi wasa a wurin, suka sa hannu a baki. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka binne, aka zubo sabuwa.

Dalma ba ta ruɓewa kamar taki, ido kuma ba ya ganinta. Saboda haka kada mu ɗebi ƙasa ko yashi inda ake niƙa dutse ko wanke shi. Mu wanke hannu in mun gama aiki.

In mun shuka iri a watan Maris, muka riƙa ba shi ruwa safe da yamma, sai mu dasa shi a Yuli, sa'ad da damina ta zauna. Allah ya sa jikokinmu su sha inuwarsa, amin.