Wankan Jariri a Tsakiyar Hunturu

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Hausa, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, babban mutum ma sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya ɗauki bokiti ya nufi makewayi. Ruwan randa ya koma kamar ƙanƙara, leɓɓa su tsattsage, faso ya buɗe dugadugai, hazo ya rufe gari har rana ta kasa nuna fuskarta sosai. A Kano ko Katsina ko Damagaram akan wayi gari ma'aunin zafi yana wajen digiri 12 ko 13, a Jos kuwa yakan sauka ƙasa da 10. To, a cikin wannan muku-mukun ne ake tuɓe ɗan kwana uku tik, safe da yamma, a yi masa wanka. Kuma ba a fasawa. A wurin tsofaffinmu, jaririn da bai sha wanka ba jikinsa ba zai yi ƙwari ba, ƙarnin haihuwa kuma zai bi shi har girma.

Shirin wannan wanka yana farawa tun yaro yana ciki. Da ciki ya tsufa maigida zai fara tara itacen jego, a jibge shi a gefe guda na tsakar gida, kuma kowa ya san ba na girki ba ne. Mutumin da matarsa za ta haihu da ɗari yakan ninka abin da zai tara, domin ya san wutar gidansa ba za ta mutu ba har a yi arba'in. Tun kafin kiran assalatu ake hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya ko rabin ganga, ruwan mai jego ya tafasa da ganyen darbejiya ko na runhu ko na tsamiya, gwargwadon abin da mutanen garin suka saba. A gidaje da yawa daga wannan wutar ake samun ruwan jariri, daga cikinta kuma ake kwasar garwashin da zai ɗumama ɗaki.

Ba uwa ce ke yin wankan ba, musamman idan haihuwar fari ce. Ita tana can tana fama da nata wankan, ga kunyar ɗan fari da ke hana ta ko kallon yaron da kyau a gaban manya. Aikin na ungozoma ne a kwanakin farko, daga baya ya koma hannun kaka ko gwaggo ko wata tsohuwa ta gidan. Wannan na cikin dalilan da ke sa a mayar da yarinya gidan iyayenta ta yi wankan gida. Ana so hannun da ya wanke yara goma ya wanke na goma sha ɗaya.

Abu na farko da tsohuwa mai hankali take yi da hunturu shi ne sauya lokaci. Wankan da ake yi da sassafe a lokacin bazara sai ta ɗaga shi zuwa hantsi, lokacin da rana ta leƙo ta fara karya sanyi. Na yamma kuma ta jawo shi kusa da la'asar, ba ta yarda almuru ta same ta da yaro a jiƙe. Wankan da aka saba yi a tsakar gida ya koma cikin ɗaki. A saki labule, a sauke asabari, a cusa tsumma a kafar taga, a kori yaran da ke shiga da fita suna shigo da iska. Za ka ji ta tana daka tsawa: "Kai, ku rufe mini ƙofar nan, so kuke sanyi ya shigar mini miji?" Mijin nata kuwa shi ne jikan da ke hannunta. Idan mace ce, kishiya ce, kuma haka za a yi ta tsokanarta har a gama wanka.

Ɗakin ƙasa na da, mai katanga mai kauri da rufin azara, yana taimakon tsohuwa a wannan aiki. Yakan sha zafin rana da yini ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, shi ya sa idan ka shiga soro da asubar hunturu sai ka ji ɗumi ya tare ka. Gidajen da muke yayi yanzu na bulo da kwano, a shimfiɗa tayil a ƙasa, sun fi kyan gani, amma da ɗari babu amana tsakaninsu da mai gida. Zafin da kwano ya ɗauka da rana kafin isha ya tafi, tayil kuwa idan ka taka shi da safe har cikin ƙashi za ka ji. Matar da ke wanke jariri a irin wannan ɗaki tana bukatar dabara fiye da kakarta, ko da tana da hita da fulas.

Sai kasko. Akan zuba garwashi a kaskon wuta a shigo da shi ɗaki tun kafin a tuɓe yaro, a ajiye shi gefe, a rataya zanen da za a naɗe shi da rigarsa da hularsa a kusa don su sha ɗumi. Tsofaffin da suka san aiki ba sa shigo da gawayin da bai gama kamawa ba, sai wanda ya ruru ya yi ja ya daina hayaƙi. Wasu sukan barbaɗa turaren wuta a kai, ɗakin mai jego ya ɗauki wannan ƙamshi da duk wanda ya taɓa zuwa barka ya san shi.

Daga nan tsohuwa ta zauna a kan 'yar kujerar tsugunno, ta tattare zaninta zuwa gwiwa, ta miƙe ƙafafu a kan bakin baho ko babbar ƙwarya. Komai yana inda hannunta zai kai: sabulun salo, soso mai laushi ko ɗan tsumma, moɗa, man shafawa, kwalli. Wannan jera kaya da ake yi kafin a taɓa yaro shi ne rabin aikin, a ganina. Duk abin da aka manta, yaro ne zai biya kuɗinsa, domin yana kwance a jiƙe za a tashi nemansa. Ruwan zafin ta sirka shi da na sanyi, ta tsoma gwiwar hannu ko bayan hannu ta ji. Tafin hannun macen da ta shekara arba'in tana sauke tukunya daga murhu ba abin dogaro ba ne, abin da ta ji salam yana iya saɓule fatar jariri, kuma tsofaffin sun san haka. Ma'aikatan jinya a yau suna cewa ruwan ya kasance wajen digiri 37, wato daidai da ɗumin jikin mutum. Gwiwar hannu ma abin da take aunawa ke nan.

Sai a ɗora yaro a kan ƙafafunta. Wannan zama yana da hikimar da ba kowa ke lura da ita ba. Ba a tsoma shi cikin ruwan da ke hucewa, yana kwance ne a kan fatar mutum mai ɗumi, ruwa yana bi ta kansa yana gangarawa cikin baho. Ta wanke fuska, ta bi wuya da hammata da matsematsi da bayan kunne, duk inda maiƙo da nono ke taruwa, ta kifa shi ta cuɗa baya. Tana yi tana magana da shi, shi kuma yana tsala kuka, ba wanda ya damu, an ce kukan yana buɗe masa ƙirji. Wata takan fara da kai ta tsane shi nan take, wata takan bar shi sai ƙarshe don kada ya daɗe a jiƙe. Dukansu sun yarda da abu ɗaya, cewa ta kai sanyi yake shiga, ta wajen maɗiga. Likita ba zai ce ta maɗiga ba, amma zai ce kan jariri babba ne idan aka gwada shi da sauran jikinsa, kuma zafi mai yawa yana fita ta nan idan an bar shi a jiƙe.

Inda hatsarin yake shi ne tsakanin moɗar ƙarshe da zane. Ruwan da ke bushewa a fata yana tafiya da ɗumin jiki, iskar hunturu kuma busasshiya ce, nan da nan take shanye laima. Jariri sabon haihuwa ba ya iya karkarwar sanyi yadda babba yake yi don ya ɗumama kansa. Wani kitse na musamman da aka haife shi da shi yake ƙonawa, kuma idan ya ƙare ya ƙare, balle bakwaini da ba shi da shi da yawa tun asali. Shi ya sa za ka ga tsohuwa, wadda ke tafiya da ƙyar, a wannan lokacin hannunta ya fi na budurwa sauri. Kafin ka ƙifta ido ta sure shi ta jefa cikin ɗumammen zane ta rungume.

Abin da ke biyo baya a cikin zane ake yinsa, ana buɗe gaɓa ɗaya ana rufe ɗaya. A murza man kaɗanya ko man alayyadi ko man shanu a tafin hannu, a kara hannun a kan kasko, a shafe jiki. A miƙe hannuwa a harɗe su a ƙirji, a lanƙwasa ƙafafu, a shafa kai ana gyara shi, a ɗan ja hanci wai don kada ya baje. Man yana hana fata tsagewa, kuma a hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan gashin cibi. Akan ɗumama tsingaro ko tsumma, ko tsohuwa ta gasa babban yatsanta a kan garwashi ta riƙa danna gindin cibiyar har ta bushe ta faɗi. A ƙarshe a sa kwalli, a sa riga, a sa hula da safa, a miƙa shi ga uwarsa ya kama nono. Yawanci kafin ya saki ya yi barci, irin barcin da masu jego ke roƙon Allah ya daɗe.

Ranar suna akwai ƙarin aiki. Wanzami zai zo ya aske gashin da yaro ya zo da shi, kan ya zama fayau a tsakiyar ɗari. Daga ranar hula ta zama dole, dare da rana. Hular ulu da mata ke saƙawa da kwarashi kasuwarta ba ta taɓa buɗewa kamar a waɗannan watanni.

Ba duk abin da aka gada ne zan yaba ba. Tsoron sanyi ya yi mana yawa har wani lokaci mukan manta cewa wuta ma tana kisa. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari kuma ba a ganinta, ta sa mutum ciwon kai da kasala, ya yi barcin da ba zai tashi ba. Kusan kowane hunturu sai an ji labarin iyalin da suka kwana da gawayi aka wayi gari da makoki. Idan za a shigo da kasko, a ɗumama ɗakin a fitar da shi, ko a bar wata kafa iska tana shiga, kuma kada a kwana da shi ko kusa. Gashin cibi ma ya ƙona cikin yara da yawa, abubuwan da ake barbaɗawa a kan ɗanyar cibiya kuma suna iya shigar da ƙwayar cutar sandarewa. Yanzu akwai man kulohezidin da asibitoci ke bayarwa a shafa, ya isa. Haka nan ɗura wa jariri ruwan wanka wai don ya yi ƙiba, wannan kam babu alheri a cikinsa. Ita kanta mai jego ba ta tsira ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta da yawan shan kunun kanwa.

Wurin da aka fi samun saɓani tsakanin kaka da nas shi ne wankan farko. Al'ada ta ce da an yanke cibiya a wanke yaro tas, a cuɗe farin maiƙon da ya fito da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a jinkirta wankan har a cika awa 24, idan kuma al'ada ta hana, a daure a kai awa 6. A goge shi kawai, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, ɗakin kuma kada ya gaza digiri 25. Farin maiƙon nan da muke ƙyama kariya ce ga fatarsa. Na ga tsohuwar da aka gaya wa haka ta taɓe baki ta ce, "Mu da aka wanke mu ranar da aka haife mu, ga mu nan." Gaskiyarta, ga ta nan. Amma a zamaninta mace takan haifi goma ta binne huɗu ko biyar, kuma waɗanda aka binne ɗin ba su nan balle su ba da nasu labarin.

Game da wanka sau biyu a rana ma, ba dole ba ne da hunturu. Jariri ba ya zuwa gona. Ranar da sanyi ya yi tsanani ana iya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a goge fuska da wuya da mazaunai, sauran jiki yana rufe, a bar cikakken wanka sai gobe da hantsi. Wanda yake shakkar ko ɗansa ya ji sanyi, ya taɓa cikinsa da tafin ƙafarsa da bayan hannu. Idan duka biyun da ɗumi, lafiya lau. Idan ƙafa ta yi sanyi ciki yana da ɗumi, a ƙara masa sutura a manna shi a jikin uwarsa. Idan kuwa har cikin ya yi sanyi, ya yi laushi, ya ƙi kama nono, to wannan ya wuce kasko da man kaɗanya, a naɗe shi a ƙirjin uwarsa a nufi asibiti.