Tsakanin Kalangun Shata da Kuntigin Ɗan Maraya

Akwai wani tsohon tela a layinmu, nan Unguwar Kanawa, wanda har yau bai rabu da rikodarsa ba. Kekensa Butterfly ne, rikodar kuwa irin mai baki biyu ce da aka daina shigo da ita tun tuni. A ƙarƙashin teburinsa akwai gwangwanin biskit cike da kaset, amma biyu ne kawai suka koɗe har rubutun jikinsu ya goge: ɗaya na Alhaji Mamman Shata, ɗaya na Ɗan Maraya Jos. Ran nan na kai ɗinki, na ce masa, "Baba, cikin biyun nan wanne ka fi ji a rayuwarka?" Ya ɗaga ƙafa daga kan keke, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaro, tsakanin tuwon dare da kokon safe wanne ya fi shiga cikinka?" Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Tambayar ba ta wahalar da matasan yau, domin waya na yi musu lissafin waƙar da suka fi kunnawa. Mu da muka taso da kaset ba mu da mai lissafi. Ko kalmar albam ma baƙuwa ce a bakin iyayenmu, su faifan garmaho suka sani, daga baya kaset. Ma'aunin kaset kuwa lalacewarsa. Wanda aka fi ji shi ne wanda zarensa ya sha tsinkewa ana liƙe shi da jan farce, wanda aka sha zura wa biro ana juyawa don kada batir ya ƙare wajen mayar da shi baya. In aka ajiye karatun Alƙur'ani da tafsirin Shaikh Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello gefe guda, domin su matsayinsu daban ne, to a shagunan teloli da garejin kanikawa da motocin tashar Kawo da na sani, muryoyin mutanen nan biyu ne suka fi cin zare. Saboda haka ya dace a jera su, a duba abin da kowanne ya ba kunnen da ya tsufa tare da shi.

Asalinsu ma abin lura ne. An haifi Shata a Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923, kuma bai gaji waƙa ba. Mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, tallan goro da alewa ya fara yi kafin ya riƙi waƙa sana'a. Adamu Wayya kuwa, wanda duniya ta sani da Ɗan Maraya, an haife shi a Bukuru a 1946, ɗan makaɗin sarki ne, iyayensa suka rasu yana jariri, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Da za a bi gado, shi ya kamata a gani gaban sarakuna da jama'ar makaɗa a bayansa. Sai abin ya juya. Wanda bai gaji kiɗa ba shi ya tara ƙungiya ya shiga fadoji, wanda ya tashi a gidan sarauta kuma ya rataya kuntigi ya nufi tasha.

Kayan kiɗan kansu sun raba musu hanya. Kalangu abin taro ne. Ana matsa shi a hammata ya yi magana, wani na amsa wani, 'yan amshi na riƙe da gindin waƙa, maroƙi na jefa kirari a tsakani, Shata na bisa duka yana ɗora magana yadda ta zo masa. In ka kunna kaset ɗinsa a ɗaki, ɗakin ya zama dandali, ko da kai kaɗai ne a ciki. Kuntigi kuwa gwangwani ne da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Ba ɗan amshi, ba maroƙi. In ka kunna Ɗan Maraya a tsakiyar kasuwa, sai ka ji kamar mutum ya ja ka gefe zai gaya maka wata magana.

Daga nan tsawon waƙa ya biyo baya. Kaset mai minti 60 rabinsa minti 30 ne, kuma ba abin mamaki ba ne waƙar Shata biyu ko uku su cinye fuska guda. Ba ya zama ya tsara waƙa ya haddace, shi ya sa Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, take da siga da yawa. Masoyansa har musu suke a kan wadda ta fi daɗi, ta wane wuri ce, ta wace shekara ce. Waƙar Ɗan Maraya gajera ce, takan ƙare cikin 'yan mintuna, da farko da tsakiya da ƙarshe kamar tatsuniya. Direban da ya ɗauko hanya daga Kawo zuwa Zariya yana iya isa Jaji bai juya kaset ɗin Shata ba, amma kafin ya kai can Ɗan Maraya ya ba shi labari biyar ko shida.

Babban bambancinsu, a ganina, yana wajen suna. Shata mai kiran suna ne. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Hassan Sarkin Dogarai, ya yi wa attajirai da 'yan duniya da mata masu ji da kansu. Yakan ambaci uban mutum da kakansa da garinsu, har ka ji kamar ka san shi. Da yawa daga cikin waɗanda ya wasa ba wani littafi da ya rubuta tarihinsu, kaset ne kaɗai ya riƙe sunayensu, kuma yaron da aka haifa bayan rasuwarsu yana iya kiran sunan ba tare da ya san ko su wane ne ba. Ɗan Maraya ya fi karkata ga wanda ba a san sunansa ba. Duba yadda suka shiga tashar mota su biyun: Shata ya yi wa Bawa Direba waƙa, mutum ɗaya da sunansa, shi kuwa Ɗan Maraya ya yi wa karen mota, wanda ke ɗaure kaya da sa waigi da kwana ƙarƙashin mota. Direba ɗaya ya shiga tarihi, karen mota kuwa duk wanda ya taɓa yin aikin yana jin da shi ake.

Wannan ya shafi yadda mai sauraro ke zama da waƙar. Mai jin Shata ɗan kallo ne a babban biki. Yana jin daɗin yadda aka ɗaga wani, yadda aka yi wa abokin gabarsa habaici, yadda Hausa ke lanƙwasuwa a bakin mutum ɗaya kamar ba ta da ƙashi. Mai jin Ɗan Maraya kuwa ba ya samun wurin tsayawa ya yi kallo, domin ba a jima sai ya tsinci kansa a cikin labarin. A Jawabin Aure da Gulma Wuya yakan sauya murya, ya yi ta miji, ya yi ta mata, ya yi ta mai kai gulma, duk shi kaɗai. Magidancin da ya fito daga gida da ɓacin rai da safe, in ya ji irin wannan a shagon mai shayi, sai ya yi dariya ya sunkuyar da kai.

Adalci shi ne a ce kowannensu ya taka gonar ɗan'uwansa. Shata ya yi waƙoƙin da ba na yabon kowa ba: ya yi ta kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969, ya yi ta Dajin Rugu, ya yi na noma da na jan hankali. Ɗan Maraya ma ya yabi manya, ya hau jirgi ya yi wasa a ƙasashen waje, ya zauna da shugabanni. Jami'o'i sun karrama su duka: Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta ba Ɗan Maraya nata. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka, a 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah. Ba a dai auna mawaƙi da ratsen da ya yi, da babbar hanyarsa ake auna shi.

Kowannensu kuma yana da inda ake kama shi. Masu sukar Shata na cewa yabon mai kuɗi ya yi yawa, wanda ya ba da mota ya zama gwarzo, wanda ya hana ya sha zambo. Akwai kuma waƙoƙinsa na shagali da dattawa ke rage wa murya in yara sun shigo. Masu sukar Ɗan Maraya na cewa tsirkiya ɗaya ba ta da faɗi, in ka ji waƙa huɗu a jere kiɗan ya fara kama da juna, nasihar ma wani lokaci takan fito ƙarara har ta rinjayi daɗin waƙar. Duka sukar biyu akwai gaskiya a cikinsu. Sai dai abin da ake zargin Shata da shi shi ne ya ba shi fagen nuna gwanintar harshe, ƙarancin kayan Ɗan Maraya kuma shi ya sa ba kalmarsa ɗaya da ke ɓacewa cikin kiɗa.

Mu mutanen Kaduna muna da wani alhaki a kan yaɗuwarsu. Gidan rediyon da aka buɗe a garin nan a 1962, wanda ya koma Rediyon Tarayya a 1978, shi ya kai muryoyin biyu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin fuskarsu ba, har ƙetaren iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Da yawan kaset ɗin da ke gidajenmu ba daga kamfani suka fito ba. Mutum ne zai sayi kaset fanko ya zauna gindin rediyo lokacin Zaɓi Sonka, yatsa a kan maɓalli, yana jiran mai gabatarwa ya gama jero gaisuwa. Shi ya sa a wasu kaset ɗin waƙar ke farawa daga tsakiya, ko ta ƙare da guntun muryar mai gabatarwa. A nan ma akwai bambanci: rediyo kan datse Shata saboda tsawo, don haka mai sonsa sai ya je kasuwa neman cikakke, Ɗan Maraya kuwa yakan shiga shiri ya fita da waƙarsa cif.

Su biyun duk a watan Yuni suka bar duniya, Shata a 1999, aka kai shi Daura aka rufe, Ɗan Maraya a 2015 a Jos. Tun daga lokacin kunnen unguwa ya sauya. Keke Napep da ke bin titin Ali Akilu yanzu Umar M. Shareef ne da Nura M. Inuwa ke tashi a cikinsa, kuma wanda ya ga yadda Jarumar Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020 ya san zamani ya yi nasa gwanaye. Amma ka je wurin masu tura waƙoƙi a memori ka ce a zuba maka na gargajiya, da wuya a ba ka ba tare da waɗannan sunaye biyu a ciki ba. Ga wanda ya haura hamsin kuwa, waƙar da ta yi tashe shekara ɗaya ba ta kamo wadda ya kwana da ita shekara arba'in.

Da na koma karɓar ɗinkin, Baba tela ya ciro kaset ɗin biyu ya ajiye mini a kan tebur, ya ce, "Ka ce kana son amsa, to duba da idonka." Na Shata ya dusashe daga farko har ƙarshe, murya ta yi laushi ko'ina daidai, alamar an sha sa shi a bar shi ya yi ta yi har ya tsaya da kansa, ana yanka ana ɗinki ana hira da masu jiran kaya. Na Ɗan Maraya kuwa mafi yawansa garau yake, sai wuri guda da zaren ya sha liƙi har sau huɗu, duk a cikin Jawabin Aure. Nan ne yake ta mayarwa baya. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

A nan na samu abin da zan iya tsayawa a kai. In awoyi za a ƙirga, Shata ya yi gaba da nisa, kuma ina jin haka yake a yawancin gidajen da na sani: shi ne abokin aiki da tafiya da sallah da biki, ya cika wa mutane kwanaki. In kuwa za a ƙirga sau nawa mutum ya tsayar da abin da yake yi ya danna maɓalli don a maimaita masa magana, to Ɗan Maraya ba ya bayan kowa. Tunda tambayar ta yawan ji ce, kambun na Shata ne, ba tare da an rage wa mai kuntigi komai ba.

Yaron shagon ya riga ya zuba wa Baba waƙoƙin duka a memori, tsaf, ba ƙara ba tsinkewa. Ya gwada sau ɗaya ya mayar masa. Ya ce da waƙar ta iso wurin da zarensa ya tsinke, sai ya ji wasu kalmomi da rabonsa da su ya fi shekara talatin, har ya ɗauka wani ne ya yi wa Ɗan Maraya ƙari. Ya zura biro a kaset ɗinsa, ya juya sau uku, ya mayar cikin rikoda.