Daga Matamaye zuwa Damargu: Abin da Manomi Zai Gani a Hanya

'Yan'uwa manoma, bazara ta shigo. Aikin gona bai kankama ba tukuna. Wanda ya sami kuɗin mota, ga wata tafiya ta yini guda da za ta amfane shi. A tashi daga tashar Matamaye da asuba, a bi ta Kance da Takeita da Tirmini, a shiga Damagaram. Nisan ya kusa kilomita 90. Daga can a miƙe arewa zuwa Tanut, wajen kilomita 150.

Tun daga bakin gari, a riƙa duban gonaki ta taga. Ko'ina gawo ne, kore shar, alhali ciyawa duk ta bushe. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero. Ganyen da ya zube taki ne. Da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki da tumaki ne. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa sun yi ƙaranci ƙwarai a wannan yanki. Manoma da kansu suka maido da su. Ba dasawa suka yi ba. In suna sassabe, sai su bar tsiron da ya fito, su rage masa rassa, su kare shi daga gatari. Shi ne ake kira sassaben zamani. Masu bincike da suka zaga ƙasar Matamaye da Magarya da Mirya a 2006 sun kiyasta gonakin da suka farfaɗo haka sun kai hekta miliyan 1.

Kusa da Damagaram ƙasa tana canzawa. Manyan duwatsu ne jibge a kan juna, har cikin unguwar Birni inda fadar Sarki take. Garin ne babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka koma Yamai. A sha ruwa a nan, a cika gora, don gaba zafi ya fi.

Bayan Damagaram, a hanyar Agadas, za a wuce matatar mai ta SORAZ wadda aka buɗe a 2011. Daga nan itatuwa sai raguwa suke. Gawo ya yi wuya, sai aduwa da ƙaya da tumfafiya, sai rairayi da iska ke korawa. Ga raƙuma da garkunan Buzaye da Fulani sun taru a bakin rijiya, ana jan guga mai dogon igiya da dabba.

Wannan ita ce Damargu. A da, geronta ne ke ciyar da ayarin Abzin. Ruwan da take samu a shekara bai kai na Matamaye ba ko kusa, kuma wata shekarar sai a yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Dokar 1961 ta shata iyakar noma a arewa, abin da ke bayanta na makiyaya ne, Damargu kuwa tana bakin wannan iyaka. A ganinmu, nan ne ya kamata manomi ya sauka ya taka gona da ƙafarsa. Ya ɗebi ƙasar da ke fili, ya ɗebi ta gindin itace, ya gwada su a tafin hannu. Ta fili fara ce, tana zubewa. Ta gindin itace ta fi duhu.

In ƙungiyar manoma za ta yi tafiyar, gara a haɗa kuɗi a ɗauki shatar mota guda. Kowa ya riƙe katin shaidarsa saboda shingayen hanya. A bar Tanut da azahar, don kada dare ya yi nisa kafin a iso gida.