Kifin Miya a Gaya, Kifin Ado a Turai

Idan masunci ya janye taru a bakin kogin Kwara kusa da Gaya, hankalinsa na kan giwan ruwa da ragon ruwa da karfasa, masu kawo kuɗi. Ƙananan gartsa da talibamban kuwa sau da yawa gefe ake ture su. Amma a shagunan sayar da kifin ado na Jamus da Japan da Amurka, waɗannan da ake turewa su ne ake zubawa cikin akwatin gilashi, a haska musu fitila, a manna musu farashi.

Mutane da yawa sun fara sha'awar kifin ado ne ta talabijin da wayar hannu, inda ake nuna kifayen teku masu launin ruwan goro da shuɗi suna shawagi tsakanin duwatsun murjani. Fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya ƙara yaɗa wannan sha'awa. Sai dai mai son ajiye irinsu a Gaya zai sha wuya. Ruwansu na buƙatar gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba kowane gishiri ba. Gishirin Foga, duk da sunan da ya yi a kasuwannin ƙasar Hausa, haɗinsa daban ne da na teku. Teku mafi kusa tana Kwatano, fiye da kilomita 700 daga gadar Gaya da Malanbil, kuma ko can babu dajin murjani irin na Indonesiya da Filifin, inda ake kamo mafi yawan waɗannan kifaye. Ga tsada, ga saurin mutuwa da zarar wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya.

Kifayen Kwara ba su da wannan laulayi. Ɗauki gartsa. Jikinta dogo ne, lulluɓe da ɓawo mai tauri, a bayanta kuma akwai jerin ƙananan fika-fikai a tsaye. Da waɗannan ake rarrabe ire-irenta: wadda aka fi sayarwa a duniya, mai launin toka ba zane, tana da 8 zuwa 11, ita kuwa mai manyan baƙaƙen ɗigo a jiki tata sun fi yawa, kuma ta fi girma. Gartsa tana da huhu, tana hawowa sama ta shaƙi iska. Wannan ne ya ruɗa masanan Turai tun da Bafaranshe Geoffroy Saint-Hilaire ya bayyana ta a 1802, bayan ya gan ta a kogin Nilu. Wani Bature ɗan Ingila, John Samuel Budgett, ya yi ta safarar Gambiya da Uganda da Najeriya don ya ga yadda ƙwanta ke zama kifi. Ya dace a 1903 a yankin da Kwara ke shiga teku, amma zazzaɓin da ya kwaso ya kashe shi a farkon 1904. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka yi renon gartsa wata 8 a kan tudu mai laima, suka ga ta ƙware wajen tafiya da fika-fikanta na gaba. Duk wanda zai ajiye ta a gida, to ya rufe akwatin da murfi mai nauyi, don cikin dare takan fice.

Yauni, wanda wasu ke ce wa ɗan sarki, ba a ɓata shi da kowa. Ba shi da fiffiken wutsiya ko na ciki, amma yana da wani dogo a baya da yake kaɗawa ya yi gaba ko baya yadda ya ga dama. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Cambridge ya gano cewa yauni na fitar da wutar lantarki marar ƙarfi ba tsayawa, daga baya ya tabbatar da ita yake gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai laka. Miligi da danginsa masu dogon baki su ma haka suke. Ɗaya daga cikin dangin, mai leɓe kamar hancin giwa, yana cikin kifayen Afirka da aka fi saye a Turai. Sai dai yauni ba na ɗaki ba ne: ɗan tsakon da bai wuce yatsa ba yakan kai mita ɗaya da rabi, ga cizo.

Minjirya kowa ya san halinta. Wutarta takan kai bolt 300 ko fiye, kuma Misirawan dauri sun zana ta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ba a haɗa ta da wani kifi a akwati ɗaya. Haka ma talibamban mai kumbura ciki, wanda ke kai santimita 40, haƙoransa kuma ba sa daina tsiro, sai ana ba shi dodon koɗi yana gurgura.

Wanda ya fi sauƙi ga sabon shiga shi ne ƙurungu. Ana gane shi da gashin baki guda 6, da ƙayoyi masu kaifi a baya da gefe waɗanda yake miƙarwa su kafe, da kuma ƙarar da yake yi idan aka kama shi. Akwai irin da ke iyo a rigingine yana kiwo a fuskar ruwa, shi ya sa cikinsa ya fi bayansa duhu. Yara sukan zaci ya mutu ne.

Abin da ya fi kashe kifi a akwati ba yunwa ba ne, dattin kansa ne. Kashin kifi da ragowar abinci na sakin guba cikin ruwa, kuma ƙananan halittun da ke narkar da ita sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a cikin tsakuwa da matacin ruwa. Saboda haka ake farawa da kifi kaɗan, a ba su abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, a riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe don maganin da aka sa masa ya fita. Littattafan Turai sun cika maganar na'urar ɗumama ruwa, alhali a yankin Gaya matsalar akasin haka ce: kifayen nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28, zafin Afrilu kuwa yakan haura 40. Dole akwatin ya zauna a ɗaki mai inuwa, nesa da taga, bisa abu mai ƙarfi, tunda lita 100 ta ruwa kilo 100 ce.

A nan ne kifin gida ya yi wa na waje fintinkau. Gartsa da gaiwa da tarwaɗa da bargi duk suna iya shaƙar iska daga sama, don sun saba da tafkunan fadama da ke ƙafewa da rani, irin na kwarin Foga da na Mauri. In wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya, su suna nan. Najeriya ta daɗe tana fitar da irin waɗannan kifaye da ransu ta filin jirgin saman Legas, cikin ledoji masu ruwa da iskar shaƙa. Sarkawan da ke su tsakanin Gaya da Yawuri sun fi kowa sanin inda kowannensu ke kwana da watan da yake ƙyanƙyasa, amma yawancin abin da suke kamawa banda ake yi da shi a kai kasuwa.