Yadda Gwamnati Ke Sayen Aikin Tallafa Wa Waɗanda Aka Ci Zarafinsu

YOLA: Akasarin 'yan kwangilar da ke zirga-zirga tsakanin ma'aikatun gwamnati a Jimeta da Yola sun saba da aikin da ido ke gani, kamar ginin aji, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko kawo kujeru da buhunan taki. Injiniya ya je ya duba, ya sa hannu, a biya ɗan kwangila daga baitulmali. To, amma a 'yan shekarun nan doka ta ɗora wa gwamnatoci wani nauyi wanda ba ya aunuwa da wannan mudu, wato tallafa wa mata da yara, har da maza, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka ci zarafinsu a cikin gida. Wanda zai yi wannan aiki, da yadda za a zaɓe shi, da yadda za a biya shi daga dukiyar jama'a, batu ne da ya shafi 'yan kasuwa fiye da yadda da yawansu suka zata.

Tushen al'amarin ita ce dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayu na 2015. Dokar ta tarayya ta shafi Abuja ce kawai, sai kowace jiha ta yi tata, kuma Jihar Adamawa ta yi hakan a 2021, a zamanin Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri. An fi sanin dokar ta tarayya da tsananin hukuncin da ta tanada, wanda ya kai ɗaurin rai da rai ga mai fyaɗe. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ta bai wa wanda aka zalunta haƙƙin samun magani, da kwantar da hankali, da taimakon lauya, ta hannun hukumomin gwamnati ko ƙungiyoyi masu zaman kansu, ta kuma tanadi a yi wa ƙungiyoyin da ke wannan aiki rajista. A idon masanin tattalin arziki, duk haƙƙin da doka ta rubuta wa talaka kyauta, akwai wanda zai biya kuɗinsa.

Kafin a shiga maganar kuɗi, ya kamata a san abin da ake saye. A ɗauka, alal misali, wata mata ce a unguwar Demsawo cikin Jimeta ta gudo daga gidanta da tsakar dare da rauni a jiki, goye da yaro. Tana buƙatar ganin likita da wuri, domin idan fyaɗe ne, maganin kariya daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Tana buƙatar takardar shaidar likita wadda kotu za ta karɓa, da wurin kwana, da abinci, da kuɗin Keke Napep. Idan ta zaɓi kai ƙara, akwai zuwa ofishin 'yan sanda, da jiran shawarar ma'aikatar shari'a, da zaman kotu da za a yi ta ɗagawa wata da watanni. A tsakiyar wannan duka ga dangi suna matsa mata lamba ta janye, a rufa asiri.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi yana da ma'aikatansa da albashinsu. Abin da babu shi ne mutum guda wanda aikinsa shi ne tsaya mata daga farko har ƙarshe: ya raka ta asibiti, ya fayyace mata abin da doka ta ce, ya bi diddigin fayil idan ya kwanta, ya tuna mata ranar zama, ya auna ko ranta na cikin haɗari idan ta koma gida. A Ingila an mai da wannan sana'a mai horo na musamman, kuma gwamnati na sayen aikin daga ƙungiyoyi ta hanyar kwangila. A nan za a iya kiran mai yin sa jami'ar rakiya, ko da yake Bahaushe na kiran wanda ba shi da tasiri ɗan rakiya, alhali a wannan fage sau da yawa rakiyar ce ke raba shari'ar da ta kai ga hukunci da wadda ta mutu a hanya.

Girman buƙatar ba ya buƙatar dogon bayani. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kashi 9 kuma sun fuskanci cin zarafi ta fuskar jima'i, sannan fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. A Adamawa akwai ƙarin nauyin dubban mutanen da suka yi gudun hijira zuwa Yola bayan 'yan Boko Haram sun kama Mubi a watan Oktoba na 2014.

Da farko ba ta hanyar kwangilar gwamnati wannan aiki ya shigo Najeriya ba. Cibiyar farko ta kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, wato Mirabel, an buɗe ta a 2013 a asibitin koyarwa na Jihar Legas da ke Ikeja, a hannun wata ƙungiya mai zaman kanta da tallafin gwamnatin Birtaniya. A Yola, Cibiyar Hope da ke Asibitin Ƙwararru ta fara aiki a 2018 da taimakon wani shiri na British Council wanda Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa. Daga 2019 zuwa 2023 kuma Adamawa na cikin jihohi biyar, tare da Sakkwato, Legas, Ebonyi da Kuros Riba, gami da Abuja, da suka ci gajiyar shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsarin da aka saba shi ne gwamnati ta ba da ɗaki da ma'aikatan asibiti, masu ba da agaji su ɗauki nauyin horo da kayan aiki. Ƙungiyoyi irin su FIDA ta mata lauyoyi da FOMWAN ta mata Musulmi sun daɗe suna cike giɓi da sa-kai.

Kuɗin agaji yana da wa'adi. Shiri ya kan ƙare, kuma dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairu na 2025 ya nuna wa kowa cewa rijiyar na iya ƙafewa ba tare da sanarwa ba. Gwamnonin Najeriya sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafi a watan Yuni na 2020, Jihar Legas kuwa ta kafa hukuma sukutum domin wannan aiki a 2021. Duk jihar da ba ta bi hanyar Legas ta ɗauki ma'aikata da kanta ba, ko ta ga ma'aikatan nata ba su isa ba, hanya ɗaya ta rage mata, ita ce ta sayi aikin daga waje, kuma da zarar kuɗin baitulmali ya shigo, dokar bayar da kwangila ta shigo da shi.

Dokar tarayya ta sayen kayayyaki da ayyukan gwamnati ta 2007, wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta gaji ofishin bin ƙa'ida da aka kafa a zamanin Shugaba Obasanjo. Adamawa ta yi tata dokar a 2013, tana kuma da hukumarta mai sa ido kan kwangiloli. Ginshiƙin irin waɗannan dokoki shi ne gasa a fili: a yi talla, kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a bai wa wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Wannan ƙa'ida ta dace da siminti da ƙarfe, inda za a iya rubuta inganci a takarda a kuma gwada shi. A aikin rakiya kuwa mafi yawan kuɗin albashi ne, saboda haka mai neman kwangila ba shi da wata hanyar rage farashi illa ya rage yawan ma'aikata, ko ya ɗauki waɗanda ba su da horo, ko ya rufe ofis da dare da ranakun hutu, lokacin da aka fi buƙatarsa. Ita kuma wadda ake yi wa aikin ba ita ke biya ba, ba ta da wani shagon da za ta koma, kuma da wuya ta fito ta yi ƙorafi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Ita kanta dokar tarayya ta bar ƙofa. Sashenta na ɗaukar ƙwararru masu ba da shawara ya yarda a fara auna cancanta da ƙwarewa kafin a duba farashi. Wannan ce hanyar da ta fi kusa da dacewa, muddin aka ba inganci kaso mafi tsoka na maki, aka kuma bayyana tun a takardar talla abin da ake nufi da shi: yawan mata a cikin ma'aikata, jin Hausa da Fulfulde da sauran harsunan yankin, amsa kira dare da rana, da shaidar cewa ƙungiyar ta taɓa yin aikin.

Matsala mafi wuya ita ce ma'aunin biya. Idan aka ce za a biya bisa yawan mutanen da aka karɓa, an buɗe ƙofar cika littafi da sunaye, a kuma guje wa shari'o'i masu wahala da ke cin lokaci. Idan aka ce bisa yawan waɗanda kotu ta ɗaure, an ɗora wa ƙungiya alhakin abin da ke hannun ɗan sanda da alƙali, an kuma ba ta dalilin tilasta wa mace zuwa kotu ko da ba ta so. Idan kuwa sulhu aka sa a ma'auni, za a riƙa mai da mata hannun waɗanda suka raunata su domin a cika adadi. Aikin ya fi kama da na 'yan kwana-kwana, waɗanda ake biya domin su kasance a shirye ko an yi gobara ko ba a yi ba. Sabili da haka ya fi dacewa a biya tsayayyen kuɗi na ma'aikata da ofis da waya da mota, sannan a ware wani asusu dabam na magani da abinci da sufuri wanda ake cikewa gwargwadon abin da aka kashe.

Tsawon wa'adin kwangilar ma abin dubawa ne. Kasafin kuɗi na shekara guda ne, sakin kuɗi ya kan makara, shari'ar fyaɗe kuwa na iya wuce shekara. Ɗan kwangilar gini zai iya janye lebura daga aiki har a biya shi, amma ƙungiyar da ke da mata da yara kwance a gidan mafaka ba ta da wannan dama, ba ta kuma da kadarar da banki zai karɓa ya ba ta rance. Dokar tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, daga baya Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30, ta kuma wannan fuska tsarin an gina shi ne domin masu jari. Aikin da albashi ne jigonsa ya fi buƙatar biya wata uku-uku a kan kari, da wa'adin shekara uku ko fiye, da kuma sharaɗin sake duba farashi. Wanda ya sa hannu a kwangila kafin cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ya kuma gan ta ta haura naira 1,000 a 2024, ya san amfanin wannan sharaɗi.

Ingila ta riga ta bi wannan hanya, kuma akwai darasi a cikinta. Tun 2014 kwamishinonin 'yan sanda zaɓaɓɓu ke sayen ayyukan tallafa wa waɗanda aka yi wa laifi a yankunansu, dokar 2021 kuma ta wajabta wa ƙananan hukumomi tanadar tallafi ga waɗanda ke gidajen mafaka. Kukan da ƙungiyoyin mata suka daɗe suna yi can shi ne gasar kwangila ta kan fifita manyan ƙungiyoyi masu ƙwararrun marubuta tayi, ƙanana da suka san jama'a su rasa. Haɗarin ya fi girma a nan. A kwangilar tarayya ana neman rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumar fansho da na asusun horar da ma'aikata da makamantansu. Ƙungiyar mata ta unguwa, wadda mai unguwa da liman da fasto suka sani, ba lallai ta mallaki ko rabinsu ba, alhali kamfanin da bai taɓa raka kowa asibiti ba yana da su cif. Maganin da aka sani shi ne a rarraba kwangilar gida-gida bisa yankuna, tun da nisan Yola da Mubi ko Ganye ba abin wasa ba ne, a kuma yarda ƙanana su haɗa gwiwa su nema tare.

Ga 'yan kasuwa, rabon da ya fi dacewa da su yana gefen aikin ne. Akwai kawo magunguna da kayan gwaji, da hayar gida ko gyara shi, da abinci, da gadi, da sufuri, da na'urorin hasken rana domin firjin ajiye magani. Waɗannan duk ana iya auna su a kuma yi gasar farashi a kansu kamar kowace kwangila. Akwai kuma aikin akanta da na lauya, domin ƙungiyar da ke son karɓar kuɗin gwamnati sai ta gyara littattafanta ta sabunta rajistarta.

Sai dai duk wanda ya shiga zai tarar da wani sharaɗi da bai saba da shi ba, wato sirri. A kwangilar gini, sanya allo mai ɗauke da sunan aiki abin alfahari ne. Gidan mafaka kuwa ba a son a san inda yake, kuma direba ko mai gadi ko mai kawo abinci da ya saki baki a majalisa zai iya jawo asarar rai. Haka nan mai binciken kuɗi na gwamnati yana da haƙƙin ganin rasit da takardar albashi, amma bai kamata a miƙa masa sunayen waɗanda aka taimaka wa ba, sai dai lambobin fayil. Wannan kuwa sai an rubuta shi a cikin yarjejeniya tun ranar sa hannu, tare da bayanin wanda zai riƙe fayilolin idan wa'adi ya cika aka bai wa wata ƙungiya aikin.